Gawayin Shisha da Kayan Wutar Gida: Hatsarin da Ba a Faɗa wa Matasa

Duk lokacin da aka tayar da zancen shisha a Kano ko Kaduna ko Abuja, abu biyu mutane suke kamawa, wato lalacewar tarbiyyar matasa da kuma illar da taba take yi wa huhu da zuciya bayan shekaru. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba ni da ja a kansu. Sai dai akwai wani ɓangare na lamarin da ba kasafai ake jin sa a bakin malami ko likita ko jami'in gwamnati ba, shi ne gawayin da ake ɗorawa a saman tukunyar, da irin hanyoyin da ake bi wajen kunna shi a cikin ɗaki. A ganina wannan ɓangaren ne ya fi gaggawa, domin illar taba takan ɗauki lokaci kafin ta bayyana, amma garwashin da aka hura a kan na'urar da ba don shi aka ƙera ta ba, a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, yana iya zama ajalin mutum a daren da aka kunna shi, kuma yana iya haɗawa da maƙwabcin da bai taɓa kai tiyon shisha bakinsa ba.

Ya kamata a fara sanin abin da ya sa ake neman na'ura tun farko. Gawayin shisha da ake sayarwa iri biyu ne. Akwai mai saurin kamawa, zagayayye mai ɗan faɗi, wanda aka cuɗa da sinadarin da ke sa ya kama da ashana ko laita nan take, yana tartsatsi yana fitar da hayaƙi mai ƙauri. Akwai kuma wanda ake yi da ɓawon kwakwa, mai kusurwoyi, wanda akasari daga Indonesiya ake fitar da shi zuwa ƙasashen duniya. Wannan na biyun ne mashaya suka fi so, saboda ya fi daɗewa yana ci, tokarsa kaɗan ce, kuma ba ya ɓata ɗanɗanon filebo. Matsalarsa ita ce tauri, domin an matse shi ƙwarai, laita ba ta iya kama shi, sai an ɗora shi a kan zafi mai ƙarfi na kimanin minti 8 zuwa 10 ana juya shi har ya yi ja ta kowane gefe. Akwai ɗan rishon lantarki da aka ƙera musamman don wannan aiki, amma saurayin da yake ɓoye tukunyarsa a ƙarƙashin gado ba ya son ƙarin kayan da za su tona masa asiri, wani kuma yana ganin sayensa asarar kuɗi ce tunda akwai abin da ke yin zafi a gida. Daga nan ne ake komawa kan rishon girki na lantarki, da na'urar gasa burodi, da hitar dafa ruwa, da murhun gas ɗin da ake dafa wa iyali abinci.

Duk wanda ya zauna a ɗakin ɗalibai ya san ƙaramin rishon lantarkin nan mai araha da ake dafa taliya a kai. Faranti ne na yumɓu mai kwarmi a zagaye, an kwantar da murɗaɗɗiyar waya a cikin kwarmin, babu abin da ya rufe ta. Idan aka jona shi wayar tana yin ja, kuma wutar gida mai ƙarfin bolt 230 ce take bi ta cikinta a fili. Tukunyar girki tana zama ne a kan bakin yumɓun ba tare da ta taɓa wayar ba, shi ya sa ake gama girki lafiya. Shi kuwa gawayi ƙarami ne, dab da wayar yake zama, kuma idan lokacin juya shi ya yi sai a sa ɗan awartakin ƙarfe, ko cokali mai yatsu idan awartakin ya ɓace, a ɗakin da aka rage wa haske, sau da yawa kuma ƙafa ba takalmi a kan siminti ko tayil. Tazarar da ke tsakanin bakin ƙarfen da wayar ba ta kai faɗin yatsa ba, kuma kuskuren hannu sau ɗaya ya isa wuta ta ja mutum. Bayan haka, toka da ɓurɓushin gawayin da ke zuba cikin kwarmin suna sa wani sashe na wayar ya fi saura zafi, har wata rana ta tsinke da tartsatsi.

Na'urar gasa burodi ta fi wannan muni, duk da cewa masu yi suna ɗaukar abin a matsayin wayo. Sukan kwantar da ita a gefe, su tura gawayin cikin ramin da ake sa burodi, sannan su danne maɓallin da hannu ko su tokare shi da wani abu don kada ya ɗago. Wayoyin da ke cikinta sirara ne, su ma a fili suke, kuma an ƙera ta ne don ta yi aiki na minti biyu ko uku a tsaye, zafin yana fita ta sama, sannan ta kashe kanta. Wanda ya kwantar da ita ya toshe wa zafi hanyar fita, wanda ya tokare maɓallin kuma ya cire kariyar da masu ƙera ta suka sa mata. A ƙasanta akwai ɓurɓushin burodin da ya daɗe yana taruwa ya bushe, jikinta kuma sau da yawa da roba aka lulluɓe shi. Idan ma an dace ba ta kama da wuta ba, gobe da safe a cikinta za a gasa wa yara burodin karin kumallo, a kan toka da ragowar sinadarin gawayi. Ita kuwa hitar dafa ruwa, amincinta gaba ɗaya ya dogara ne da ruwan da ke kwashe zafinta, don haka idan aka jona ta a bushe don a jingina mata gawayi, cikin ɗan lokaci take wuce zafin da za ta iya ɗauka, mariƙin robar ya narke, ƙarfen ma yana iya fashewa.

Akwai wani hatsari da ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen da ake ƙera waɗannan kaya, shi ne halin wutar lantarkinmu. Mutum ya ɗora gawayi a kan risho, minti uku da farawa aka ɗauke wuta. Sai ya ce bari ya fita ya nemi wata hanya, ko abokai su ce a koma gidan wani, a bar rishon a jone da gawayin a kansa, domin a cikin duhu babu abin da ke tuna wa mutum cewa bai zare filogi ba. Ƙarfe biyun dare a dawo da wuta, wani lokaci ma da ƙarfin da ya wuce kima, rishon ya ci gaba da aikinsa a ɗakin da babu kowa, ko kuma a gefen katifar mai barci. Sannan irin waɗannan na'urori yawancinsu suna jan wat 1,000 ko fiye, alhali a ɗakunan samari akan jona su ne a jikin ƙaramin ekstenshan mai siririyar waya wanda aka saya don cajin waya da fanka. Wayar takan yi zafi a ƙarƙashin kafet ko ledar ɗaki inda ido ba ya gani, kuma gobara da yawa ta wannan hanya take farawa.

Masu amfani da gas suna ganin sun tsira daga duk wannan, amma gudun gara ne aka faɗa gidan zago. A ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6, wadda kan murhun yake ɗaure a samanta, garwashin yana zaune ne kai tsaye a bisa maƙunnin tukunyar. A babban murhu kuma toka tana toshe ƙananan hudojin da wuta ke fitowa, harshen wutar ya koma ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, alamar cewa gas ɗin ba ya ƙonewa yadda ya kamata, kuma gutsuren garwashi ɗaya da ya faɗo kan tiyon roba ya isa ya huda shi. Wanda ya kunna a kan rishon kananzir, ko ya ɗiga wa gawayin fetur don ya yi saurin kamawa, shi kuma hayaƙin man ne zai fara zuƙa. Sa gawayi a na'urar ɗumama abinci ta maikurowef kuwa tartsatsi da gobara kawai yake jawowa. Bayan an kunna ma aiki bai ƙare ba, domin sai an ɗauko garwashin da zafinsa ya haura digiri 500 an ratsa ɗaki da shi, a tsakanin labule da katifar soso, wadda idan ta kama take ci da sauri tana fitar da hayaƙi mai guba.

Duk da haka, ko da na'urar ba ta yi tartsatsi ba, ko da an sayi wadda aka ƙera don aikin, akwai abin da ya fi gobara yawan cutarwa kuma ya fi ta ɓoyuwa. Gawayi idan yana ci yana fitar da iskar da ake kira kabon monoksayid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle mutum ya farga. Idan ta shiga huhu tana manne wa sinadarin himogulobin na jajayen ƙwayoyin jini, wanda aikinsa shi ne ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki, kuma ƙarfin mannewarta ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Sakamakon haka jini yana ci gaba da zagayawa amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun abin da suke buƙata. Ba baƙuwar iska ba ce a wurinmu. Ita ce take kashe iyali guda idan aka kwana da janareta a cikin gida, ita ce kuma take kashe mutanen da suka shiga ɗaki da kaskon garwashi don jin ɗumi a lokacin hunturu. Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, ita ɗin ce dai take fitowa daga ɗan gawayin da ke saman tukunyar shisha. Wani bincike da masana suka yi a Jami'ar Amurka da ke Beirut, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na wannan iska da ke cikin hayaƙin shisha daga gawayin take fitowa, ba daga tabar ba. Wannan yana nufin cewa wanda yake shan filebon da aka ce babu taba a ciki bai tsira ba, haka ma wanda yake fahariya da cewa gawayinsa na kwakwa ne, babu sinadari. Ruwan da ke cikin tukunyar ma ba ya tace ta, sanyaya hayaƙin kawai yake yi, wanda hakan ke ba mutum damar zuƙa mai zurfi ba tare da maƙogwaro ya dame shi ba. Tun a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa zama ɗaya na shisha yakan ɗauki minti 20 zuwa 80, kuma yawan hayaƙin da mutum zai iya zuƙa a cikinsa yana iya kai na karan sigari 100 ko fiye.

A nan ne batun kunna gawayi a cikin ɗaki yake haɗuwa da batun ɓoyewa, kuma haɗuwar tasu ce ta fi tayar mini da hankali. Wanda ya kunna gawayi a kan rishon ɗakinsa maimakon ya fita tsakar gida, ya yi hakan ne don kada a gan shi. Dalilin da ya hana shi fita shi ne dai zai sa ya rufe taga, ya saki labule, ya cusa tsumma ko tawul a ƙarƙashin ƙofa don kada ƙamshin filebo ya kai hancin mahaifiyarsa ko mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai. Idan lokacin sanyi ne dama tagar a rufe take, idan kuma gidan masu hali ne an kunna na'urar sanyaya ɗaki, wadda iskar cikin ɗakin take juyawa, ba sabuwa take shigo da ita ba. To a wannan ɗakin ne za a hura gawayi na tsawon minti goma, a ɗora shi ya yi ta ci na kusan awa guda, a sake hura wani idan ya mutu, mutum huɗu ko biyar suna zaune suna shaƙar iskar, har da wanda hira kawai ta kawo shi.

Alamomin farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da mutuwar jiki. Abin takaici, waɗannan su ne ainihin abubuwan da mashaya suke fassarawa da cewa shishar ta hau wa mutum kai, har a yi masa tsiya a ce bai saba ba, a ce ya kwanta zai warware, kuma a ɗakin da gawayin yake ci ake kwantar da shi. Washegari idan ciwon kan bai tafi ba sai ya je kemis ya sayi maganin zazzaɓin cizon sauro. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai a lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da suka fita waje, wannan alama ce babba ta wannan guba. Abin da ya kamata a yi shi ne a fitar da kowa zuwa fili nan take, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da garwashin, kuma duk wanda ya ruɗe ko ya suma ko ƙirjinsa yake ciwo a garzaya da shi asibiti. Ɗura masa manja ko madara, kamar yadda aka saba yi wa wanda ake zaton ya sha guba, ba ya cire wannan iska daga jini, kuma yana iya sa wanda ba ya cikin hayyacinsa ya ƙware. Maganinta oksijin ne. A iskar da muke shaƙa, jiki yana ɗaukar kimanin awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabinta, amma idan aka sa wa mutum tsantsar oksijin lokacin yana raguwa zuwa wajen awa ɗaya da rabi. Akwai kuma abin da ya kamata kowane aboki ya sani, wato ƴar na'urar da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna oksijin ba ta bambance jinin da ke ɗauke da wannan guba da lafiyayye, tana iya nuna komai daidai alhali mutum yana cikin hatsari. Saboda haka likita ya dogara ne da abin da aka faɗa masa, kuma abokan da suka ce kawai faɗuwa ya yi, don gudun kada iyayensa su ji sunan shisha, suna iya jawo masa asarar rai ko lahanin ƙwaƙwalwa da zai daɗe yana fama da shi.

Hukumomi ba su yi shiru game da shisha ba. Najeriya tana da dokar taƙaita shan taba ta 2015, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A 2018 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya nemi jami'an tsaro su ɗauki mataki a kan shisha, a 2021 kuma gwamnatin jihar Kano ta sanar da haramta ta. Ƙasashe irin su Ruwanda da Kenya sun haramta ta a 2017, Mali kuma a 2022. Ba ina kira a janye haramci ba ne, domin ni ma burina shi ne matasanmu su rabu da ita gaba ɗaya. Abin da nake cewa shi ne, idan aka rufe wurin shan shisha amma aka bar tukunya da gawayi da filebo suna samuwa a kasuwa da intanet, wanda ya riga ya kamu ba dainawa yake yi ba, komawa ɗaki yake yi, inda babu sarari, babu murhun da ya dace, babu kuma babban da zai lura idan wani ya faɗi. Haramcin da ba ya tafiya tare da bayani yana kawar da abin daga idon jama'a ne kawai, ya bar hatsarinsa a cikin gidaje.

Na san wasu za su ce yin irin wannan bayani tamkar koya wa yara yadda za su sha ne cikin kwanciyar hankali. Na fahimci wannan damuwa, kuma mutanen kirki ne suke yin ta, amma ban yarda da ita ba. Babu wani abu a cikin abin da na faɗa da zai sa shisha ta burge wanda bai fara ba, hasali ma saurayin da ya ji cewa iskar janareta ce yake zuƙa ta tiyo ya fi kusa da dainawa fiye da wanda aka yi wa barazana da ciwon da zai zo bayan shekara talatin. Wanda kuma bai daina ba tukuna, ina so ya rayu har ranar da zai daina. Addininmu ya kafa ƙa'idar cewa babu cuta babu cutarwa, kuma wannan ƙa'ida ta fi ƙarfi a inda cutarwar take ƙetarawa zuwa ga wasu. Gidajen haya da ɗakunan ɗalibai rufi ɗaya suke da shi da layin wuta ɗaya, kuma a bayan bangon mai shisha akwai mace mai juna biyu, da jariri, da dattijo mai ciwon zuciya, waɗanda su ne wannan iska ta fi saurin yi wa lahani, ga kuma gobarar da ba ta tsayawa a ɗakin da ta fara.

Don haka ina ganin akwai aikin da ya rataya a wuyan mutane sanannu. Hukumomin kashe gobara na jihohinmu, waɗanda suke gargaɗi duk shekara idan hunturu ya shigo game da hitar ruwa da garwashin jin ɗumi, ya kamata su riƙa ambaton gawayin shisha da sunansa a rediyo, da Hausar da matasa za su gane. Ma'aikatan ɗakin agajin gaggawa su riƙa tambayar matashin da aka kawo a sume da dare ko an kunna gawayi a inda yake, ba tare da tsawa ko kunyatarwa ba, domin tsoron faɗa ne yake sa a yi musu ƙarya. Iyayen da suka ga toka a cikin na'urar gasa burodi, ko baƙin tabo mai kusurwa a kan rishon lantarki, ko ƙonuwa a kafet ɗin ɗakin samari, su san abin da suke gani, kuma bayan faɗan da za su yi su zauna su bayyana wa yaron yadda wannan iska take kisa, tunda faɗa kaɗai ƙara masa dabarar toshe ƙofa yake yi. Masu gidajen haya da shugabannin makarantu kuwa, bayan dokar hana shisha da suka riga suka rubuta, akwai ƴar na'ura mai aiki da batir da ke ƙara idan kabon monoksayid ta taru a wuri, kuma sanya ta a barandar kowane ginin da ɗalibai ke kwana zai kare su daga hayaƙin janareta da garwashin sanyi da na shisha baki ɗaya.